Gyaran turbar Appalachian da 'yan sa-kai: taimakon jama'a ne ko gwamnati ce ke cin arha?

Abubakar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da yayye na wannan zaure, ina roƙon ku sa mana baki a wata magana da ta raba kan ɗalibanmu da ke karatu a nan jihar Virginia ta Amurka. Akwai wata turbar ƙafa da ake kira Appalachian, wadda ta tashi daga dutsen Springer a jihar Georgia, ta bi kan tsaunuka har dutsen Katahdin a jihar Maine. Tsawonta ya kai kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, kuma mota ba ta binta sai mai tafiya a ƙasa. Mafi yawan aikin kula da ita ba ma'aikatan gwamnati ke yi ba. Ƙungiyoyin 'yan sa-kai kimanin 30 ne suka raba ta a tsakaninsu, ƙarƙashin uwar ƙungiya mai suna Appalachian Trail Conservancy da ke garin Harpers Ferry. Idan aiki ya fi ƙarfin ƙungiyar yanki, kamar sauya wa turbar mabi ko gina matakalar duwatsu, sai a turo tawaga ta musamman, irin tawagar Konnarock da ta fara aiki a 1983, wadda sansaninta ke kusa da Sugar Grove a kudu maso yammacin Virginia. Mutum yakan ba da 'yan kwanaki, a ba shi abinci da kayan aiki, ya kwana a tanti a cikin daji tare da abokan aiki, amma ba a biyansa ko sisi.

Na shiga irin wannan tawaga a hutun da ya wuce, kuma ina son in ja wasu 'yan'uwanmu bana. Wasu sun ce wauta ce ɗalibin da hanyar garinsu ke cike da ramuka ya je yana fasa wa gwamnatin Amurka dutse kyauta. Ni ban ga wautar ba, amma amsar da na ba su ba ta gamsar da su ba.

Injiniya Lawal

Wa alaikumus salam. Abubakar, ba zan kira abin wauta ba, amma abokan naka suna da abin faɗa. Ƙasar da turbar ta bi kusan dukkanta ta gwamnati ce, ko ta tarayya ko ta jihohi, kuma a doka hukumar kula da wuraren shaƙatawa na ƙasa ce ke da alhakinta tare da hukumar gandun daji. Ta farkon ita kaɗai, gyare-gyaren da ta jinkirta saboda ƙarancin kuɗi sun haura na dala biliyan 20. A ganina wannan ne asalin yabon da ake yi wa 'yan sa-kai, domin duk sa'ar da kuka ɓata kuna yashe magudana sa'a ce da ba a biya wani ma'aikaci ba. Idan aikin yana da muhimmancin da ake faɗa, a ɗauki mutane a biya su, musamman matasan garuruwan da ke gindin tsaunukan nan, waɗanda aikin yi ya yi musu ƙaranci tun da haƙar kwal da masana'antu suka ja baya. Majalisar da ta saba ganin an yi aiki kyauta ba za ta yi saurin ware masa kuɗi ba.

Malam Habu

Kafin a shiga batun kuɗi, ya kamata waɗanda ba su taɓa ganin aikin ba su san irinsa, domin ina ganin amsar tana cikin yanayinsa. Aikin gandun daji na yi a gida har na yi ritaya, kuma ko da yake dajinmu ba irin nasu ba ne, halin ruwa a gangara ɗaya ne ko'ina. Ƙafar mutane takan danne ƙasa ta kashe ciyawa, tsakiyar turba ya ɗan lotsa, kuma da zarar ya lotsa ruwan sama ya sami mabi. Maimakon ya tsallake turbar ya wuce gefe, sai ya miƙe a cikinta yana ƙara gudu yana kwashe ƙasa mai laushi, har saiwoyi da duwatsu su fito fili. Daga nan masu tafiya su ƙi taka wurin da ya lalace, su raɓa gefe su take wata ciyawar, turbar da faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba ta zama fili. Idan aka ƙyale ta haka, ƙarshenta kwazazzabo ne, kuma ƙasar da aka kwashe a rafin da ke ƙasa take sauka ta gurɓata shi.

Maganin abin ba shi da wuyar ganewa. Ana ɗan karkata bayan turbar zuwa ɓangaren gangara don ruwa ya zame ya fita. Ana yin 'yan kwari nan da can, inda turbar za ta ɗan sauka ta sake hawa, don ruwa ya rasa yadda zai miƙe. Inda hawa ya yi tsanani ana binne gungume ko jerin duwatsu a karkace su tare ruwan su juya shi gefe. Sai dai kowace irin wannan magudana, idan ganye da yashi suka cike ta, ta daina aiki ke nan. Yashe ta aikin 'yan mintoci ne da fartanya, amma sai an sami wanda zai hau dutsen ya yi, kuma ya sake hawa bayan kowane babban ruwa. Injiniya, kai ka san harkar kwangila fiye da ni. Wane ɗan kwangila ne zai karɓi aikin mintoci goma a wuri dubu, a warwatse kan kilomita 3,500 inda mota ba ta zuwa? Irin wannan aiki sai mutumin da ke zaune kusa, wanda aka ce masa daga wancan rafi zuwa wancan tudu naka ne, kuma idan ya lalace an san wanda za a tambaya.

Abubakar

Allah ya saka da alheri, Baba Habu. Abin da ka bayyana shi ne aikin ƙungiyoyin yanki, kuma haka suke yi: kowane ɗan yanki na turbar akwai wanda aka damƙa wa, shi ke sare reshen da ya rufe hanya, ya yashe magudana, ya sabunta farin fentin da ake shafa wa bishiyoyi don nuna mabi. Namu na tawaga ya fi nauyi. Matakalar duwatsu muka gina a wani hawa da ruwa ya cinye. Kowace safiya shugabar tawagar takan tara mu ta maimaita dokokin kayan aiki: a riƙe gatari da diga a hannun da ke ɓangaren gangara don idan mutum ya zame ya jefar da su nesa da jikinsa, a bar tazara tsakanin masu sara, kowa ya sa hular kwano da safar hannu, kuma kada a wuce ta bayan mai aiki ba tare da an yi masa magana ba. Ta ce mana dutsen da mutum ɗaya zai iya ɗauka ya yi ƙanƙanta da zama matakala. Saboda haka mutum uku ko huɗu ne kan kowane dutse, da dogayen ƙarafa na banƙara, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya cusa ƙaramin dutse a ƙarƙashi, ɗaya yana ba da umarni, kuma ba mai motsa ƙarfensa sai kowa ya amsa cewa yatsunsa sun fita. Bayan an zaunar da shi a raminsa sai a fasa tsakuwa da guduma a cike gefensa, sannan wani ya hau ya yi tsalle a kai. Idan ya motsa ko kaɗan, a tone a sake. Wata rana matakala uku kacal muka gama daga safe zuwa la'asar, kuma shugabar ta ce rana ce mai kyau.

Injiniya Lawal

Malam Habu, na yarda da kai a kan ƙananan ayyuka. Amma abin da Abubakar ya kwatanta yanzu gini ne, kuma gini sana'a ce. Tarihin turbar ma yana bayana. A 1933 shugaba Roosevelt ya kafa rundunar farar hula ta kiyaye muhalli, wadda ake kira CCC a taƙaice, ta ɗauki matasa marasa aiki kimanin miliyan 3 kafin a rufe ta a 1942. Ana biyan kowannensu dala 30 a wata, a aika wa iyalinsa 25 daga ciki. Su ne suka gina turba da rumfuna masu yawa a tsaunukan nan, kuma guntun ƙarshe da ya haɗe turbar Appalachian a jihar Maine a watan Agusta na 1937, ma'aikatan wannan runduna ne suka sare shi. Ke nan gwamnati ta taɓa ganin aikin ya cancanci albashi, ta ciyar da gidaje da shi a lokacin da tattalin arziki ya karye.

Dakta Zainab

Injiniya, abin da ka kawo gaskiya ne, amma rabin labarin ne. Ba gwamnati ce ta fara turbar ba. Benton MacKaye ne ya kawo shawararta a rubuce a 1921, aka kafa uwar ƙungiyar a 1925, kuma ƙungiyoyin masu yawon daji ne suka auna ta suka sare mafi yawanta a ranakun hutunsu, ƙarƙashin jagorancin Myron Avery, wanda lauya ne. Abin da ya biyo bayan 1937 shi ne ya fi dacewa da muhawararmu. Guguwar 1938 ta kayar da bishiyoyi masu ɗimbin yawa a ɓangaren arewa, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe mazajen da ke kula da ita. Lokacin da Earl Shaffer ya taka ta daga farko zuwa ƙarshe a 1948, wurare da yawa ya tarar daji ya rufe su, alamun ma sun ɓace, kuma sai a 1951 aka sake haɗe ta. Rundunar da kake yabo ta yi gini mai kyau ta tafi, cikin shekara goma turbar ta tsittsinke saboda babu mai zagayowa.

Dokar 1968 ce ta mayar da ita turba ta ƙasa baki ɗaya, gwamnati ta shiga sayen filayen da ta ratsa, abin da ƙungiyoyi ba za su taɓa iyawa ba. A 1984 kuma hukumar wuraren shaƙatawa ta miƙa wa uwar ƙungiyar kula da filayen a rubuce. Saboda haka ni ban ɗauki tsarin a matsayin gwamnati ta gudu ta bar wa mutane kaya ba. Rabon aiki ne da aka zauna aka tsara: gwamnati ta riƙe ƙasa da doka da manyan kuɗi, ƙungiyoyi su riƙe zirga-zirgar yau da kullum. Kuma ban yarda cewa aikin sa-kai yana hana majalisa ba da kuɗi ba. A 2020 ta zartar da dokar da ta ware har dala biliyan 1.9 a shekara, na tsawon shekara biyar, don gyare-gyaren da aka jinkirta a filayen gwamnati, kuma ƙungiyoyin masu amfani da turba suna cikin waɗanda suka matsa mata lamba. Wanda ya taɓa ɗaukar dutse a wuri ya fi saurin rubuta wa ɗan majalisarsa takarda a kan wurin.

Hajiya Binta

Ni tambayata ta uwa ce kuma ta ma'aikaciyar jinya. Abubakar, ɗana, idan dutsen nan ya faɗo wa ɗayanku a ƙafa, wa zai biya asibiti? Kun san tsadar magani a ƙasar nan. Sannan dajin Virginia cike yake da kaska mai ɗauke da cutar Lyme, kuma ba irin babbar kaskar shanu da muka sani ba ce, ƙanana ne da wuya a gan su. Duk wanda zai je ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa a cikin safa, ya duba jikinsa kowace yamma, domin yawanci sai kaskar ta kwana maƙale take sa cutar. Idan ya dawo ya ga jan tabo yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ya je asibiti ya faɗa musu ya shiga daji. A fatarmu tabon ba ya fitowa fili kamar yadda yake a hotunan littattafai, don haka kada a jira ganinsa. Ina kuma son in ji yadda ka yi da salla da abinci, da yadda ake kwana tunda maza da mata ne a tawagar.

Dakta Zainab

Hajiya, a kan biyan asibiti akwai doka. Tun farkon shekarun 1970 aka tanadi cewa ɗan sa-kai da ya yi rajista da hukumar wuraren shaƙatawa ko ta gandun daji, idan ya ji rauni a bakin aikin da aka sa shi, ana ɗaukarsa kamar ma'aikacin gwamnati wajen biyan diyya. Sharaɗin shi ne sunansa ya shiga takardar yarjejeniya kafin a fara aikin. Wanda ya ɗauki addarsa ya shiga daji don ganin damarsa ba ya cikin wannan kariya.

Abubakar

Mama Binta, mun sa hannu a takardar kafin a ba mu ko shebur. Batun abinci tun wajen rajista ake tambaya, na rubuta ba na cin naman alade, kuma don in huta da bincike na bi sahun waɗanda ba sa cin nama gaba ɗaya, waɗanda ba su da kaɗan a irin wannan tawaga. Na gaya wa shugabar lokutan salla tun ranar farko, azahar takan faɗo daidai hutun cin abincin rana, la'asar kuma bayan an tashi. Alwala a rafi nake yi, ruwan sha kuwa sai an tace. Kowa da tantinsa. Duk da haka ba zan ce ya dace da kowa ba, kuma wadda ba ta son kwana a daji tana iya bin ƙungiyar yanki ranar Asabar ta yi aikin wuni ta koma gida.

Mahamadu

Gaisuwa daga Maraɗi. Da na fara karantawa na ce ai gayya ce, tunda ga taron jama'a ga ciyarwa ga aiki ba biya. Amma gayya bashi ce, ka je gonar wani yau don ya zo taka gobe, kuma kowa ya san wanda bai fito ba. Wannan kuwa mutum yana gyara hanya ne don baƙin da ba zai taɓa gani ba. Ya fi kusa da abin da ya zo a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma ba a ce sai hanyar garinku ba. Wannan ita ce amsar da zan ba abokan Abubakar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar Malam Habu ta damƙa wa mutum yanki da sunansa. A nan Nijar an shata burtali da yawa an kafa musu ginshiƙan siminti, amma inda babu wanda ke zagayawa, gona takan ci su taku-taku har ranar da garke zai zo ya tarar babu mabi.

Malam Habu

Haka ne, Malam Mahamadu. Amma bari in ɗan koma ɓangaren Injiniya a wuri ɗaya, don kada a ɗauka duk mai niyya mai kyau yana gyara ne. Ɗan sa-kai da ba a koya wa ba yana iya ɓarnar da ta fi ta ruwa. Zai jera duwatsu a bakin turba don ta yi kyau, ya tare wa ruwa mafita. Zai ga lanƙwasa ta yi masa tsawo ya yanke ta miƙe, alhali lanƙwasar ce ke rage tsananin hawa. Masu tsara turba suna da ƙa'idar cewa hawanta kada ya wuce rabin tsananin gangarar da ta ratsa, in ba haka ba ruwa zai bi turbar. Bishiyar da iska ta kayar kuma tana da haɗari, domin takan kwanta a danne, ana yanka ta sai ta falle ta bugi mai zarto. Shi ya sa ba a barin kowa ya riƙe zarto sai ya yi horo ya sami shaida. A yankunan da dokarsu ta 1964 ta keɓe a matsayin daji tsantsa ma ba a yarda da inji ba, sai dogon zarton hannu na mutum biyu, kuma iya wasa shi kaɗai ilimi ne da masu shi ba su da yawa. Ke nan amfanin tawaga yana ga wanda ke jagorantarta. Idan babu ƙwararre a gaba, gara a bar dutsen inda yake.

Injiniya Lawal

To, mun zo inda nake so. Shugabannin tawagar nan ma'aikata ne da ake biya, kayan aiki da abinci da motar da ta kai su gindin dutse duk kuɗi ne, don haka aikin sa-kai ba kyauta yake zuwa ba, yana tsaye ne a kan wasu 'yan ƙwararru da ake ɗauka na wasu watanni a sallame su idan sanyi ya shigo. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta afka wa North Carolina da Tennessee da kudancin Virginia, ta rufe ɗaruruwan kilomita na turbar da bishiyoyi, ta tafi da gadar kogin Nolichucky kusa da garin Erwin wadda masu tafiya ke bi. Na san 'yan sa-kai sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen buɗe hanya da zarto, amma babu ƙungiyar da za ta mayar da gada. Akwai kuma tambayar da Dakta ba ta taɓo ba: wa ke da halin ba da kwanaki ba tare da albashi ba? Mafi yawa 'yan ritaya ne da ɗaliban da iyayensu ke riƙe da su. Yaronmu da ke aikin hutu don biyan kuɗin makaranta ba ya cikinsu.

Dakta Zainab

Wannan ta ƙarshen na karɓa, kuma ƙungiyoyin da kansu suna kukan cewa membobinsu suna tsufa. Akwai hanyar tsakiya, irin ƙungiyar Student Conservation Association da ta fara tura ɗalibai dazuka a 1957, da shirin AmeriCorps da aka kafa da dokar 1993, inda matashi ke yin watanni a tawaga ana ba shi kuɗin guzuri, a ƙarshe a ba shi tallafin karatu. Sai dai AmeriCorps na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, ɗalibanmu masu bizar karatu ba za su samu ba. Ga su Abubakar ma ya kamata kowa ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa kafin ya karɓi wani abu mai kama da biya, ko da an kira shi guzuri.

Injiniya Lawal

Ban sauya ra'ayi a kan ginin matakala da gada ba, aikin albashi ne kuma ya kamata a riƙe masu iya shi duk shekara. Yashe magudana da sare reshe na bar wa Malam Habu. Abubakar, idan za ka ja mutane, ka ja su zuwa ƙungiyar yanki su karɓi ɗan guntu su riƙe har su gama karatu, ya fi su je sau ɗaya su ɗauki hoto da gatari.

Malam Habu

Abubakar, idan ka koma ka ɗauko mini hoton 'yan kwarin nan na juya ruwa, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, ka ajiye shebur a ciki don in gane zurfinsu. Ka kuma tambayi shugabar taku tazarar da suke bari tsakanin ɗaya da ɗaya idan ƙasar yashi ce, domin akwai hanyar da mata ke bi su hau tudu ɗebo itace a ƙauyenmu, kuma irin ƙasarta ke nan.